Waiwaye: wa ke riƙe da manomin ƙauye, daga gayya zuwa bashin taki

Duk damina sai an tayar da maganar tallafa wa manoma kamar jiya aka fara ta, alhali a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa tun kafin a san wani abu wai shi tallafin gwamnati akwai gayya. Mutum ya ga ciyawa na neman cinye masa gero sai ya sanar, samarin gari su fito da fartanya da sassafe, mata su dama fura su tuƙa tuwo, mai ganga na zuga su, kafin azahar an gama gonar da shi kaɗai sai ya yi sati. Ba a biyan ko kwabo, amma fa ranar da aka kira ta wani ka ƙi fita, to kowa ya gani. Da kaka a fidda zakka, a cika rumbu, maƙoci in ya rasa iri ya ara ya mayar bayan girbi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 sai gyaɗa ta zama kuɗi, aka yi dalar gyaɗa, amma farashi ba manomi ke yankawa ba, daga baya ma hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka shi. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan harkar. Abin da ya ɗan ceci mutane shi ne dam ɗin Tiga da Audu Bako ya gina, wanda har yau su Kura da Kadawa da Garun Malam ke noman rani da ruwansa, shinkafa da tumatir da alkama.

Daga nan fa shirye-shirye suka yi ta zuwa suna wucewa, na Obasanjo a 1976, na Shagari, aka kafa KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, Babangida ya rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, zamanin Jonathan aka koma raba taki ta saƙon waya, Buhari ya kawo shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a 2015. Wasu sun amfana kam, ba a musu.

Ni dai a ganina duk an fi kallon lokacin shuka, an bar manomi shi kaɗai ranar kasuwa. Je ka Gujungu ko Dambatta ran Lahadi da kaka, kowa ya kwaso hatsi lokaci ɗaya don ga bashin taki ga kuɗin 'yan ƙwadago tunda gayya ta yi ƙaranci, dillali ya taya yadda ya ga dama, a loda a mota sai Dawanau a zuba a sito. Watan Yuli ko Agusta shi wannan manomin ne zai dawo yana awon tiya da tsada. Mai tumatir ma ya fi shiga uku, kwando ba ya jira, in bai saida yau ba sai dai a yanka a shanya a ƙasa.

Shi ya sa ƙungiyoyin da ke haɗa adashi su riƙe buhunan membobinsu a sito ɗaya har kaya su yi daraja suka fi burge ni, duk da su ma rigimar ma'aji na rusa wasunsu.