Anakonda: ku karanta kafin ku sake tambayata

Duk ranar da wani bidiyon ƙatuwar macijiyar nan ya zaga WhatsApp, tambayoyin nan dai ake sake turo min. Ga amsa sau ɗaya.

Akwai ta a Najeriya?
Babu. Ta Kudancin Amurka ce, a fadamun kogin Amazon da na Orinoko. Wadda kuka gani a rafin garinku mesa ce.

To ai ita ma mesa ce?
A'a. Mesa ƙwai take yi, anakonda haihuwa take yi, 'ya'ya 20 zuwa 40 a ciki ɗaya.

Dafi fa?
Ba ta da shi.

An ce tana kai mita 15?
Haba jama'a! Jesús Rivas, wani masanin macizai, ya shafe shekaru yana kama su a fadamun Llanos na Benezuwela, babbar da ya auna mita 5.21 ce, kilo 97.5. Nauyi ne nata, a tsawo kam mesar Asiya ta fi ta. Manyan kuma duk mata ne.

Yaya take farauta?
Kwanton ɓauna. Idanunta da hancinta a saman kai suke, sai ta nutse cikin ruwan laka, su kaɗai a waje. Kafibara, wani ƙaton ɗan'uwan gafiya, ya sunkuyo shan ruwa, ta cafke shi da haƙora masu lanƙwasa ciki, ta nannaɗe shi. Matsewar nan jini take tsayarwa, zuciya ta kasa aiki. Tana cin tsuntsaye, barewa, har kadojin can.

Za ta iya haɗiye mutum?
Nan sai an bi a hankali. Muƙamuƙinta na ƙasa biyu ne, jijiya mai miƙewa ta haɗa su, shi ya sa take haɗiye abin da ya fi kanta kauri nesa ba kusa ba. Amma kafaɗun babban mutum suna da faɗi, kuma ba a taɓa tabbatar da anakonda ta ci mutum ba. Wanda aka ciro daga cikin maciji a Sulawesi ta Indunusiya a 2017, mesar Asiya ce ta haɗiye shi, ku daina haɗa su. Sai dai kar wani ya ce na ce ba ta da haɗari. Ƙatuwa takan ciji wanda ya taka ta, kuma idan ta nannaɗe mutum a cikin ruwa, nutsewa ma kaɗai ta isa. Yaro kuwa, ba zan ɗaukar wa kowa alkawari ba. Masu bincike ma a ƙungiya suke shiga fadamar, wani ya danne kai, sauran su warware jikin.

A tudu tana iya bin mutum da gudu?
Kwantar da hankalinka. Da ƙyar take jan jiki.