Ba Gutenberg ne ya fara ɗab'i ba

Tun muna makarantar firamare a Yamai ake cusa mana cewa Gutenberg ne ya ƙirƙiro ɗab'i. Maganar da gyara.

Ka tsaya gefen mai sassaƙa hatimi a bakin Babbar Kasuwa ka kalli hannunsa: da 'yar reza yake ƙwaƙule roba, ya bar haruffa a tudu, kuma a juye, don in an danna su fito daidai. Haka Sinawa suke yi da katako tun da daɗewa. A sassaƙe allo, a shafa tawada, a shimfiɗa takarda a goge bayanta. Akwai littafin addinin Buda da aka buga haka a 868, yana nan ajiye a Landan. Wajen 1040 wani Basine mai suna Bi Sheng ya yi haruffan yumɓu ɗai-ɗai, mutanen Koriya kuma suka buga littafi da na ƙarfe a 1377.

Shi Gutenberg sai wajen 1450, a Mainz ta Jamus. Ba za a raina aikinsa ba, don shi ya haɗa zubin haruffan dalma da tawada mai maiƙo da injin matse takarda, har littafi ya fara sauƙin samu a Turai.