Gandun daji na ƙasa: abin da doka ta hana, da dalilin hanawar

Makiyayin da ciyawa ta ƙare masa da rani ya kora shanunsa cikin gandun Gashaka Gumti bai harbi dabba ba, bai sari itace ba, amma a idon doka ya yi laifi. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar da ma'aikatan gandu suka tare su.

Dokar da ake aiki da ita ita ce dokar soja mai lamba 46 ta 1999, wadda ta tsara aikin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa. Ba kowane daji ta shafa ba. Gandun jiha yana hannun gwamnatin jiha da dokokinta, kamar Yankari da aka mayar wa Bauchi a 2006. Na ƙasa kuwa na tarayya ne, kuma tsarin mulki ya ce ba a ayyana wuri a matsayin gandun ƙasa sai gwamnatin jihar ta amince. Cikin tsofaffin gandayen ƙasa akwai Tafkin Kainji, Kamuku a Birnin Gwari, Yankin Tafkin Chadi, Okomu, Kuros Riba, Tsohuwar Oyo da Gashaka Gumti, wanda ya fi su girma, a jihohin Taraba da Adamawa.

Tushen dokar shi ne izini. Ba a shiga sai da takarda, ba a zama a ciki sai da ita. Farauta, ɗana tarko, kamun kifi, sare itace, noma, haƙar ma'adinai, shiga da makami ko guba, shigar da dabbobin gida, kunna wuta, duk an hana sai wanda hukuma ta yardar wa. Ma'aikacin gandu yana da ikon kama wanda ya samu da laifi ba tare da takardar kotu ba. Hukuncin tara ne ko ɗauri, kuma kotu na iya ƙwace bindiga, gatari ko motar da aka yi aikin da ita.

Hanin farauta kowa ya gane shi. Wanda ake yawan gardama a kai shi ne na kiwo da wuta, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba yadda dajin yake. A Gashaka, kurmi ne ke bin bakin rafuffuka, mai duhu da sanyi ko da tsakar rana, maɗaci da sauran manyan itatuwa sun rufe sama. Nan ne gidan birin da mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar itace har a jiyo daga nesa. Kana fitowa daga kurmin sai dajin doka da maje da kawo, mai dogayen ciyayi, inda ɓauna da gwanki ke kiwo. Idan aka cinna wa ciyawar wuta a ƙarshen rani domin sabon tsiro ya fito wa shanu, wutar ba ta tsayawa inda aka so. Tana cin bakin kurmin, ta kashe ƙananan itatuwa, bana taki kaɗan, baɗi taki kaɗan, har rafin ya rasa inuwa ya fara ƙafewa. Ruwan waɗannan duwatsu kuwa kogin Taraba yake ciyarwa, shi kuma ya zuba a Binuwai. Ga kuma cuta: abin da ya kama saniya yana iya kama ɓauna a mashaya ɗaya.

Dokar ba ta rufe ido ga maƙwabta ba. Ta yi tanadin a keɓe yanki a kewayen gandu, da shawarar mutanen wurin, inda za a ci gaba da wasu harkoki bisa ƙa'ida. A cikin Gashaka Gumti ma akwai ƙauyuka da aka shata wa iyaka, mazauna suna noma da kiwo a ciki. Wanda ke zaune kusa da gandu ya fara neman sanin inda iyakar take, ya tambayi mai gari ko ofishin gandun, wanda na Gashaka yake a Serti.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake zartarwa. An yi shekaru ana lodin gumagumen madobiya a manyan motoci daga Taraba zuwa tashar jiragen ruwa, 'yan katako na kiranta madrid, har sai da CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobin daji da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Mai dami ɗaya na itacen girki shi ne mai sauƙin kamawa. A Kamuku kuwa 'yan bindiga sun daɗe da mayar da dajin mafaka, ma'aikacin da doka ta ba ikon kama mai tarko yana shiga ne da ransa a hannu.