Hafsoshin Sojan Biyafara (1967–1970)

Hafsoshin sojan Biyafara su ne suka jagoranci dakarun Jihar Gabas tun daga ranar 30 ga Mayu 1967, lokacin da Laftanar Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Gabas daga Najeriya da sunan Biyafara. Akasarinsu tsofaffin hafsoshin sojan Najeriya ne da suka koma gida bayan juyin mulkin Yuli 1966 da kashe-kashen da suka biyo baya. Da dama daga cikinsu a barikokin Arewa suka yi aiki.

Shi kansa Ojukwu a Zungeru aka haife shi a 1933. Ya shiga soja a 1957 bayan ya yi digiri a Ingila, kuma shi ne kwamandan Bataliya ta 5 a Kano lokacin juyin mulkin Janairu 1966. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya kai harin da aka kashe Sardauna, haifaffen Kaduna ne mai jin Hausa kamar jakin Kano. Bai daɗe a fagen daga ba: an kashe shi kusa da Nsukka a ƙarshen Yuli 1967, sojojin tarayya suka ɗauko gawarsa aka binne a Kaduna.

Wanda labarinsa ya fi ɗaure kai shi ne Victor Banjo. Bayarabe ne, injiniyan soja, da aka tsare a Gabas tun 1966, Ojukwu ya sake shi ya ba shi runduna. Ranar 9 ga Agusta 1967 ya ƙetare Kogin Kwara, ya kama Binin kusan ba tare da harbi ba. Sai ya tsaya. Kwanakin da ya ɓata a Binin suka ba Legas damar shiri, aka tare mutanensa a Ore, sannan Runduna ta 2 ta sojojin tarayya ƙarƙashin Murtala Muhammad ta ƙwato Binin ranar 20 ga Satumba. Kafin watan ya ƙare an harbe Banjo a Inugu bisa tuhumar cin amana, tare da mutum uku, ciki har da Manjo Emmanuel Ifeajuna, wanda ya ci wa Najeriya lambar zinare a tsalle a 1954.

Daga nan zargi ya zama annoba. Duk garin da ya faɗi sai a ce wani "sabo" ne ya sayar da shi. Wannan ba sabon Hausa ba ne, an gutsuro shi ne daga kalmar Turanci mai nufin ɗan zagon ƙasa. Ƙwararrun hafsoshi, waɗanda dama ba su da yawa, su suka fi shan wannan tuhuma, abin da ya cuci Biyafara ba kaɗan ba. An cire Hilary Njoku daga shugabancin sojan ƙasa aka tsare shi, Alexander Madiebo, tsohon kwamandan igwa a Kaduna, ya gaje shi har ƙarshen yaƙi.

Giɓin ya ɗaga irin su Joe Achuzia, wanda bai taɓa zama hafsan sojan Najeriya ba. Ya yi suna a Anacha cikin Oktoba 1967, inda yunƙurin Murtala na ƙetare kogi ya ci tura, ya kuma yi ƙaurin suna wajen tsananta wa nasa sojojin. A Abagana, cikin Maris 1968, Manjo Jonathan Uchendu ya yi wa ayarin motocin Runduna ta 2 kwanton ɓauna, tankar mai ta kama da wuta, ayarin ya ƙone. Nasara mafi girma kuwa ta Ogbugo Kalu ce, wanda ya yi wa Birged ta 16 ta sojojin tarayya ƙawanya na watanni har ya ƙwato Owerri a Afrilu 1969, a watan da Umuahia ta suɓuce wa Biyafara.

Da Ojukwu ya tsere Kwaddibuwa a Janairu 1970, ragama ta koma hannun Philip Effiong, ɗan ƙabilar Ibibiyo. Shi ya sanar da ajiye makamai ranar 12 ga wata, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan ranar 15. An sallami wasu hafsoshin daga aiki, an tsare wasu na shekaru, ciki har da Achuzia. Ojukwu bai dawo gida ba sai 1982, bayan Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa.