Shin sai da digiri ake zama sufeton waldar bututun mai?

Ana ta karya wa matasa masu walda gwiwa da cewa in babu digirin injiniya a manta da aikin sufeton waldar bututu, wai mai sa tabarau ma ba ya ciki. Duka biyun jita-jita ce.

Takardar shaidar da kamfanoni da dama ke tambaya ita ce CWI, wadda ƙungiyar walda ta Amurka, AWS, ke bayarwa tun 1976. Jarrabawarta kashi uku ce: ilimin walda, duba walda a aikace, sai buɗe littafin ƙa'ida a zaƙulo hukunci. Mai son aikin bututu yakan zaɓi littafin API 1104, wato ƙa'idar waldar bututun mai da gas. Kowane kashi sai an ci 72 cikin 100, kuma rarar maki a ɗaya ba ta cike giɓin ɗaya.

Sharaɗin shekarun aiki ne ke rikita mutane. Abin da karatu ke yi kawai shi ne rage jira. Mai digiri a injiniyancin walda shekara 1 ta ishe shi, mai takardar sakandare sai ya yi 5, wanda ya tsaya a aji takwas na tsarin Amurka 9, wanda bai kai nan ba 12. Kuma ba sai wanda ya riƙe kan walda da hannunsa ba. Aikin haɗawa, gyara ko dubawa duk ana lissafa su, muddin wurin aikinka ya tabbatar a rubuce.

A ganina shekara 12 ta yi yawa ga mutumin da idonsa ya riga ya san walda mai kyau da mai tsaga. Amma wannan ba hujjar ƙara shekarun bogi ba ce. Wanda aka kama da bayanan ƙarya, ko ya sa hannu kan waldar da bai duba ba, ana iya dakatar da takardarsa ko a soke ta. A nan kam ina bayan tsananin, domin bututu na ɗauke da mai da gas cikin matsi mai ƙarfi, haɗi ɗaya in ya fashe rayuka ne.

Batun ido kuwa, ana so ka iya karanta ƙananan haruffa daga nisan inci 12, da tabarau ko babu. Takardar CWI ɗin ana sabunta ta duk shekara 3, a shekara ta 9 kuma a sake tantance ka.