Lambar Alkama ta Allon Shaɗaranji: Wace Irin Lamba Ce?

Ɗalibaina a nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, bakin kogin Shuɗin Nilu, sun sha yi mini tambaya kan wannan lamba: 18,446,744,073,709,551,615. Ga abin da nake amsa musu.

Malam, daga ina ta fito?

Daga wani tsohon labari da masanin tarihi Ibn Khallikan ya rubuta a 1256. Wanda ya ƙirƙiri shaɗaranji, darar nan mai gida 64, ya roƙi sarki ladan ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Na taɓa gwadawa da yara a kan tabarma da alkamar Jazira. Kafin mu kai gida na goma, mai ƙwaya 512, kowa ya gaji da ƙirga. Amma sun lura da wani abu: 1 da 2 da 4 sun ba da 7, saura ɗaya a kai 8. Haka abin yake har ƙarshe. Jimillar ita ce 2 a jera sau 64 ana ninkawa, a cire ɗaya.

Girmanta fa?

Da za ka ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, sai ka shafe fiye da shekara biliyan 580.

Mara ce ko cika?

Mara ce, tunda da 5 ta ƙare.

To, tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, waɗanda a aji muke kira adad awwali?

A'a, kuma nan ne nake son ku buɗe ido. Wannan ƙatuwar lamba 'ya'ya bakwai suka haɗu suka yi ta: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Babu wanda ya maimaitu a cikinsu, shi ya sa lambobin da ke raba ta ba saura suka kama 128 daidai. Idan aka tara su ban da ita kanta, ba su kai ta ba, don haka tana ajin da malaman hisabi ke kira naƙis, wato mai tawaya.

Ta yaya aka gano 641?

Duba 3, 5, 17, 257 da 65,537: cire ɗaya daga kowacce, ninka ta da kanta, ƙara ɗaya, sai ta gaba ta fito. Bafaranshe Fermat ya ɗauka duk lambobin wannan jeri ba sa rabuwa, har da ta shida, 4,294,967,297. Sai a 1732 masanin hisabi Euler ya nuna 641 tana raba ta, a sami 6,700,417. Da alƙalami da takarda ya yi wannan aiki, kuma har yau abin yana burge ni.

Tana da amfani a yau?

Ƙwarai kuwa. Kwamfuta da sifili da ɗaya take lissafi, kuma yawancin wayoyin zamani gurbi 64 suke ɗauka a lokaci guda. Idan aka cika gurbin nan duka da ɗaya, lambar alkamar nan ce ke fitowa.