Waiwaye: Daga Gaskiya Ta Fi Kwabo zuwa wayar hannu

A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Abubakar Imam ne editanta. Masu karatun boko a lokacin ba su da yawa, don haka kwafi ɗaya kan zagaye unguwa: mutum ɗaya ya karanta a bayyane, saura su kasa kunne. Tun farko ke nan kunne ne babbar ƙofar labari a ƙasar Hausa, shi ya sa rediyo bai sha wahalar samun wurin zama ba. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Muryar Amurka a 1979. Makiyayi da mai shayi da direba, kowa da akwatinsa.

Jarida kuwa ta tashi da wani lahani da ba a cika ambata ba: yawancinta a hannun gwamnati ta rayu. Gaskiya ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, Albishir da Alfijir ta ajami na kamfanin Triumph ne mallakar gwamnatin Kano. Ranar da gwamnati ta ɗauke kai, albashi ya tsaya, injin bugu ya yi tsatsa. Masu cewa intanet ce ta kashe waɗannan jaridu suna yi mata ƙazafi. A kan gadon jinya ta same su.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Bayan wasu shekaru Facebook da WhatsApp suka mayar da duk mai data ɗan rahoto, har wanda bai iya karatu ba yana tura saƙon murya. Abin mamaki, ba a taɓa rubuta Hausa da karanta ta kamar yanzu ba. Aminiya, wadda kamfanin Media Trust ya fara bugawa a 2006, tana kaiwa ga masu karatu ta intanet a Kumasi da Khartum, inda motar jarida ba ta taɓa zuwa ba. Freedom Radio, da ta fara aiki a Kano a 2003, ana sauraronta daga Jidda.

Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gidan jarida ne ke biyan wakili da man janareta, kuɗin talla kuma ya tafi aljihun Google da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook. Wani ya kwafe rahoton cikin minti biyar, ya sa masa kanu mai zafi, ya fi mai shi samun jama'a. Mai karatun da ya saba da kyauta kuwa, da wuya ya biya.

Kafofin waje ma da aka ɗauka ba sa girgiza sun ji a jikinsu. Sojojin Nijar sun dakatar da gidan rediyon Faransa RFI a 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. A watan Maris na 2025, bayan umarnin Shugaba Trump, masu sauraro suka murɗa akwati a lokacin da suka saba, suka tarar sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru.